Ku Daina Kiran Tozarci Fasaha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na rediyo na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Baƙonku ya shafe rabin awa yana yabon masu wasan tusa da gyatsa, wai suna 'yantar da mutane daga kunyar ƙarya, mai gabatarwa kuwa sai dariya take, ko tambaya ɗaya mai nauyi ba ta yi masa ba.

Ni an yi da ni. Bara na kai 'ya'yana biyu kallon irin wannan wasa, muka zauna a sahun gaba. Mai wasan ya sauko ya kama hannuna, na ce a'a har sau biyu, 'yan kallo suka ɗauki tafi, dole na hau dandamali. Ya zaunar da ni a kujerar da aka ɓoye wa balan-balan, ƙara ta tashi, ya toshe hanci, ya kawo makirufo bakina wai in ba jama'a haƙuri. Shekarata 58. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙaramar 'yata ba ta ɗaga ido ta dube ni ba har muka isa gida.

Baƙon ya kafa hujja da Joseph Pujol, Bafaranshe mai wasan tusa da ya fara cika zauren wasanni na Moulin Rouge a Paris a 1892. To ai Pujol da jikinsa ya yi. Shi ke zuƙar iska ta dubura, ya kwaikwayi ƙarar igwa, ya kashe kyandir, ya busa sarewa ta bututun roba, wanda ya sayi tikiti yana zaune da mutuncinsa. Haka Roland na Ingila a ƙarni na 12, da ke yi wa Sarki Henry na Biyu tsalle da fito da tusa duk Kirsimeti har ya samu gona. Kunyar kansa ya sayar. Ni ba na ƙin barkwanci, na yi dariya sosai kafin a zo kaina. Amma wa ya ba mai wasa izinin ya yi kasuwa da kunyata? Ku gayyato wanda aka taɓa jawowa dandamali, ku ji ta bakinsa.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin hira. Yana danne muryar mai magana, sai mun manna kunne a rediyo.

Naku,
Mai sauraronku na kullum