Sanarwa kan motar ofis da bayanan kwastomomi

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Jiya na shiga Prius ɗin ofis, ina taɓa allonta sai ga lambobin kwastomomi jere. Wani ya haɗa wayarsa ta Bluetooth, bai goge ba. Gabana ya faɗi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, cikin awa 72 in bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su. Don Allah kowa ya goge nasa kafin ya miƙa makulli, musamman ranar kai ta gareji.

Sannan a daina toshe mashigar iskar batiri, gefen kujerar baya, da kaya. Zafi da ƙura ke kashe shi, kuɗin sabo kuwa zai lashe rarar man da muke samu.