Inna, ba tsafi ba ne, ajiyar maƙwabci ce

Hambug, Jamus
12 ga Janairu

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya ɗari, ya ƙafar taku? Ina gaida Kawu Malam, da Yaya Hadiza da yaranta, da duk mutanen gida. Rabi, ke za ki karanta wa Inna takardar nan, don Allah ki bi ta a hankali, kada ki tsallake wani wuri, na san halinki.

Saƙon muryar da kuka aiko ran Juma'a na saurare shi sau uku. Tun daga sallama na ji muryarku ba daidai ba. Ashe hoton da na tura wa Sani ta WhatsApp don mu yi dariya, shi ne ya zaga unguwar Zariya har ya faɗa bakin masu cewa na ajiye abin tsafi a ɗaki, wai shi ke kawo kuɗin da nake aikowa. Inna, kuɗin nan daga ɗaukar kwalaye suke fitowa, a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, tun shida na safe. Da tautau na ba da kuɗi, ai da tsohon rumbun Kaka na Jiratawa ya fi banki.

Abin da kuka gani gizo-gizo ne, kuma ba nawa ba ne. Na maƙwabcina ne, dattijon nan Bajamushe, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda na gaya muku ya yi ta raka ni ofis-ofis yana yi mini tafinta lokacin da nake neman takardu. A watan Nuwamba aka yi masa aiki a ƙugu, ciwon ya ƙi warkewa da wuri, daga asibiti kuma aka wuce da shi inda ake sake koya wa mutum tafiya. Matarsa ta rasu, ɗansa na can kudu, a Minik. Ya miƙo mini mabuɗi ya ce in kula masa da ita. Mutumin da ya yi mini wannan ɗawainiya, da wane baki zan ce masa a'a? Na tallabo akwatin gilashin na kawo ɗakina, gabana na faɗuwa.

Na ce "ita" don mace ce, shi ya sa na raɗa mata Ƙoƙi. Idan ta buɗe ƙafafu ta kusa cika tafin hannuna. Baƙa ce mai gashi, kowace gwiwa da ja kamar an ƙunsa mata lalle. Asalin irinta daga Meziko ne, wajen gaɓar tekun Fasifik, inda suke zama cikin rami a busasshen daji. Jamusawa na ce wa irin waɗannan manya gizon tsuntsu, masana kuma suna kiran wannan Brachypelma hamorii. Namijinsu ba ya daɗewa bayan ya balaga, amma macen tana wuce shekara 20. Dattijon ya saye ta tana 'yar mitsitsiya a wata kasuwar irin waɗannan dabbobi da ake ci a garin Ham, yau shekara 14. Lissafa ki gani, Rabi, ta girmi Abdu na Yaya Hadiza.

Har takarda gare ta. Saboda yadda aka riƙa kwashe su daga daji ana sayarwa, an sa irinta cikin yarjejeniyar duniya ta 1973 da ke sa ido kan cinikin namun daji, don haka sai da shaidar cewa a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe ta. Ranar da dattijon ya nuna mini takardar na yi dariya har da hawaye. Gizo-gizo ya riga ni samun takardun zama a Turai.

Kiwonta ba ya kai wahalar kaza. Ƙasan akwatin an zuba ɓawon kwakwa niƙaƙƙe, ga ɓawon itace da take shiga ta ɓuya, ga ɗan murfin ruwa da nake wankewa ina sake cikawa. Abin da ba ta so shi ne sanyi, sai ɗaki ya riƙa kai kamar digiri 24 zuwa 26. A nan kuwa yanzu ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya yi, sanyin kuma ko na tsakiyar hunturu a bakin gulbi bai kama ƙafarsa ba. Wani lokaci in na dawo aiki sai in zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ita ma tana manne da gefen gilashin da ya fi ɗumi, mu yi ta zama shiru, baƙin ƙasar rana su biyu.

Abincinta ne zai ba ku haushi. Fara take ci, da gyare, da kyankyaso, kuma sai masu rai. Ɗaya ko biyu duk bayan kwana goma sun ishe ta. Farar nan a shago ake sayar da ita cikin ɗan akwatin roba, ƙwaya goma kusan Yuro 3, wato wajen jika biyu namu, tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne. Fara goma, Inna! Na tuna soyayyar fara da yaji da muke saye a bakin babbar kasuwa, na ce wa mai shagon mu a garinmu da tiya ake auna ta, kuma mu muke ci. Ya dube ni bai ce komai ba.

Ba ta yin saƙa don kama abinci kamar tautau na gida. Ido takwas gare ta amma ganinta ba wani na kirki ba ne, motsi take ji ta ƙasa. Ina saka farar da dogon hantsaki, ita kuwa tana nan kamar dutse, sai farar ta matso, kafin ka ƙyafta ido ta danne ta.

Kun tambaya ko ba ta cizo. Tana da fiƙoƙi biyu, tana da dafi, amma na irinta ana kwatanta shi da harbin zuma, kuma ba ta da faɗa. Makaminta gashi ne. In ta ji haushi sai ta juya baya ta karce gashin cikinta da ƙafa ya tashi cikin iska. Sau ɗaya na sa hannu ba safa ina gyara ƙasar, na kwana biyu ina susa kamar wanda ya kwanta a masussukar gero. Tun ranar nake sa safar hannu, ba na kuma kai fuskata kusa, don in ya shiga ido sai an ga likita. Ɗaukarta kuwa ba na yi. Cikinta kamar ɗanyen ƙwai yake, ko daga kan tebur ta faɗo tana iya fashewa ta mutu.

Yanzu ga abin da ya kusa sa ni kunya. Tun tsakiyar Disamba ta daina cin abinci. In saka fara, ta kawar da kai, washegari in cire. Wani ɗan sanƙo da ke bayanta ya yi baƙi wuluk. Ran Talatar da ta wuce na dawo aiki na tarar da ita kwance rigingine, ƙafafu takwas a sama, ba motsi. Na yi salati. Na ce shi ke nan, mutum ya riƙe abu shekara 14, ni wata biyu ya gagare ni. Har na ɗauko cokali da kwalin shayi zan kwashe ta, sai zuciyata ta ce gara mai ita ya fara ji daga bakina. Na buga masa waya muryata na rawa. Abin da ya fara tambaya shi ne, a bayanta take kwance ko ta dunƙule ƙafafu a ƙarƙashinta? Na ce a bayanta. Sai ya daka mini tsawa daga kan gadon jinya, ya ce kada in kuskura in taɓa ta, saɓa za ta yi.

Ashe kamar maciji suke, sai sun tuɓe tsohuwar fata, kuma a kwance rigingine suke yi. Wadda ta mutu ita ce ke naɗe ƙafafu ciki. Da na sa cokalin nan, da ni na kashe ta da hannuna. Na yi Isha'i na dawo na zauna. Can wajen sha ɗaya fatar bayanta ta ɗage kamar murfin tukunya, ta shiga zaro ƙafafu a hankali, ta huta, ta sake zarowa, kamar mai cire matsattsen wando. Da na tashi Asuba sai na ga gizo biyu a akwati, ɗaya fanko, ɗaya sabuwa fil, jan gwiwar ya fito ɗau, sanƙon ya cike da gashi. Fiƙoƙinta fari fat, laushi gare su, don haka sai nan da mako biyu in sun yi baƙi za ta ci abinci. Ko gyare ba a barin mata yanzu, shi ne zai iya cin ta. Tsohuwar fatar na sa a kwalin shayin na kai wa dattijon ran Lahadi, ya riƙa nuna wa masu jinya kamar an yi masa jika.

Ƙarshen wata ake sa ran sallamarsa, ranar kuma Ƙoƙi za ta koma gidansu. Ku gaya wa masu magana haka, wanda bai yarda ba Rabi ta nuna masa hoton fatar.

Na aiko jika 80 ta hannun Sani. A saya muku maganin ƙafa, a biya kuɗin lakwal na Abdu, sauran a ƙara hatsi tun bai yi tsada ba. In yaron Alhaji zai dawo a watan gobe a ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za su ƙwace.

A ci gaba da sa ni cikin addu'a.

Ɗanku,
Isuhu