Maganar kayan hawa dutsen da ka ce mu haɗa hannu

Jos, cikin hunturu

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da fatan sanyin Shefil, can Ingila, bai hana ka fita sallar asuba ba. Mu ma nan hunturu ya kama sosai. Wasu ranakun da asuba sanyin kan sauka ƙasa da digiri 10, kuma ka san a kasuwar Katako wannan ne lokacin kakarmu, mu masu rigunan sanyi.

Na ga hotunan da ka turo na shagunan ƙungiyoyin agaji, na kuma saurari saƙonka har sau uku. Ka ce garin naku matattarar masu hawa dutse ne saboda tsaunukan Peak District da ke bakinsa, kuma kayansu na hannu na zube a shaguna da araha, don haka ka riƙa tsinta ni kuma in sayar. Na yarda, da zuciya ɗaya. Amma kafin ka kashe ko fam ɗaya, bari in faɗa maka abin da na koya a kan waɗannan kaya, don ba irin gwanjon da ka bar mu muna yi ba ne.

Da can in na fasa dila na ga irin rigunan nan marasa nauyi masu ƙarar leda, cikin tarin lamba biyu, wato masu araha, nake jefa su. Mai gadi ko manomin dankali daga Bokkos ba ya kallonsu, shi riga mai kauri yake so, wadda zai ɗaga ya ji ta a hannu. Sai matasa suka fara tafiya dutsen Shere da ke gefen Jos rukuni-rukuni a ranakun Asabar, wasu har daga Abuja, na lura su waɗannan na ledar suke nema. Suna juya riga ciki waje, suna duba lamba, ba sa ma dogon ciniki. Daga bakinsu na fara karatun.

Mai hawa dutse riga uku yake jerawa. Ta jikin fata ba a son ta auduga, domin auduga na shan gumi ta riƙe, in iska ta buso a saman dutse sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a bayan mutum. Ta ulu ko ta zaren roba ake so. Ta tsakiya ita ce filis, mai laushin nan kamar bargo, aikinta riƙe ɗumi. Ta waje kuma ta tare ruwa da iska. Wannan ta wajen ita ce mai kuɗi, musamman in an rubuta Gore-Tex a hannunta. A cikin yadin akwai wani siririn shimfiɗi da wani Ba'amurke, Bob Gore, ya gano a 1969, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai: ɗigon ruwan sama ba ya iya shiga, amma tururin gumi na iya fita. Shi ya sa mutum zai yi awa biyar yana hawa cikin ruwa bai jiƙe ta waje ba, bai kuma dahu ta ciki ba.

To, a nan ne aka taɓa kama ni da laifi, kuma har yau abin na damuna. A wata damina na sayar wa wani yaro ɗalibi rigar The North Face, fes da ita, ko tabo babu. Bayan mako biyu ya dawo yana tari. Ruwan Agusta ya same su a saman Shere, rigar ta yi ta yoyo ta kafaɗa da wuya, ya sauko yana karkarwa. Bai yi mini faɗa ba, juya rigar kawai ya yi ya nuna mini. Ashe duk inda allura ta bi, a kan liƙe ɗinkin ta ciki da wani siririn tef don kada ruwa ya bi ramin allurar. Tef ɗin nata duk ya ɗaye, shimfiɗin cikin wuyan kuma yana zuba kamar garin alli. Na mayar masa da kuɗinsa, amma da abin ya faru a wuri mai nisa da gari fa? Tun ranar ba na rataye rigar ruwa sai na juya ta, na bi kowane ɗinki da yatsa, na yayyafa mata ruwa na ga ya dunƙule ya gangara.

Don haka in ka shiga shago, fara da cikin riga kafin sunan kamfani. Duba wuya da kafaɗa, nan gumi da igiyar jaka suka fi ci. In ka ga kumbura-kumbura ko ɗayewa, ajiye ta ko da Patagonia ce ko Rab. Ja zif sama da ƙasa sau biyu. In na kamfanin YKK ne alama ce mai kyau. Ƙaramar yaga a waje ba komai, akwai telan da na koya wa faci.

Kada kuma manyan rigunan nan masu kumburi su ruɗe ka, waɗanda aka cusa wa tattausan gashin agwagwa, masu lamba 700 ko 800 a bakin hannu. Don ƙanƙara aka yi su. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta ɗan haura 1,800, Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Duk waɗannan ruwa da iska ne matsalarsu, kuma gashin agwagwa in ya jiƙe sai ya cure ya daina ɗumi. Guda biyu ko uku sun isa, saboda masu shirin hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, inda ake tashi tsakar dare a nufi mita 5,895, da ɗaliban da za su tafi karatu ƙasashen sanyi. Filis da rigar ruwa da wandon tafiya mai saurin bushewa, su ne ba sa kwana. Takalma kuwa ka lanƙwasa tafin da ƙarfi tukuna. Akwai wanda za ka gani kamar sabo, ya shekara da shekaru a kabad, robar tsakiyarsa ta mutu, ranar farko a kan dutse tafin zai rabu da shi.

Yanzu ga inda ba zan bi ka ba. A hoto na huɗu na ga igiya da hular kwano da ɗamarar nan da ake ɗaurawa a ƙugu da cinyoyi, ka rubuta cewa kusan kyauta ne. Don Allah ka bar su a inda ka gan su. Riga in ta gaza, mutum ya jiƙe. Igiya in ta gaza, gawa za a ɗauko. Su kansu kamfanonin da ke yin su cewa suke yi a daina amfani da igiya da ɗamara bayan shekara 10 ko da ba a taɓa fitar da su daga leda ba, domin zaren nailan na raunana da daɗewa. Ta hannu kuwa, wa zai gaya maka sau nawa aka faɗo a kanta, ko rana nawa ta sha, ko ruwan batir ya taɓa ta a but ɗin mota? Ido ba ya ganin wannan. Yaran da ke zuwa rumfata sun yarda da ni ne, wasu kawu suke ce mini. Ba zan miƙa wa ɗan wani abin da zai rataya ransa a kai alhali ban san tarihinsa ba, ko nawa ne ribar.

Batun kawowa kuma, ka cire kwantena daga ranka. Gwanjo na cikin kayan da kwastam ta hana shigowa da su, abin da ya sa dilolinmu suke biyowa ta Kwatano ke nan, kuma tun da aka saki naira a 2023 kuɗin dila mai kilo 45 ya fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Mutum uku a layinmu sun rufe rumfa. Mu fara da abin da jakarka za ta ɗauka in za ka zo gida, in gani da idona, mu san abin da kasuwa ke karɓa. Kada ka sa a wanke su da omo ko a goge su. Ka kawo su yadda suke, ni na san yadda zan yi da su. Girman M da L sun fi tafiya, na mata ma ana tambaya sosai yanzu.

Na je na gaida Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, tana ta sa maka albarka. In ka sami filis mai zif har ƙasa, mai duhun launi, ka ware mata ɗaya daban, asuba na wahalar da ita. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka kuma sanar da ni watan da za ka shigo.

Wassalam,
Naka, abokinka na Katako