Barka da Sallah, ga kuma kyamara tana tafe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da Sallah, kai da iyalinka da duk mutanen gida. A gaishe mini da Baba da Inna gaisuwa ta musamman, a ce ina neman albarkarsu kamar kullum. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ni ma lafiya ƙalau nake a nan Jamus, sai dai kewar gida, wadda takan yi nauyi a irin wannan rana.

Hotunan da kuka turo mini da safe sun iso, na kuma ji daɗinsu ƙwarai. Amma ka yi haƙuri in faɗi abin da ke raina: kowace shekara kusan hoto iri ɗaya nake samu, an jeru cikin sababbin kaya, kowa ya ƙame yana kallon waya, yara kuma sun haɗiye dariyarsu domin an ce su nutsu. Abin da nake marmarin gani shi ne gidan a ranar da babu biki, Baba zaune da rediyonsa, Inna tana fama da jikokinta, Auta ya kifa kai a kan littafi barci ya sace shi. Wannan ne ya sa na saka kyamara a cikin saƙon da zai iso muku bayan Sallah, ina roƙon ka damƙa wa Auta ita, ka kuma karanta masa abin da zan bayyana a nan.

Kyamarar tsohuwa ce mai amfani da fim, ƙirar Pentax K1000, wadda aka soma yi a Japan a 1976 aka ci gaba da yin ta har 1997. Na zaɓe ta ne domin jure wahalarta, ga shi kuma komai nata da hannu ake yi. Ƙaramin batirin da ke cikinta allurar awon haske kaɗai yake motsawa, ko ya mutu kyamarar za ta ɗauki hoto. Na san za ka ce me ya yi zafi, tunda kowa yana da waya a aljihu. Waya tana da amfaninta, ni ma da ita nake ɗaukar yawancin abin da nake turo muku. Bambancin shi ne fim ɗaya hoto 36 yake ci, ba a gogewa, ba a kuma ganin abin da aka ɗauka sai an wanke, saboda haka dole mutum ya tsaya ya duba inda haske ke faɗowa, ya jira har wanda zai ɗauka ya manta da shi, sannan ya danna. Bugu da ƙari, nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, abu ne da ake riƙewa a hannu, idan aka adana shi a busasshen wuri zai yi shekaru masu yawa, alhali hotunan waya sukan tafi tare da ita ranar da ta lalace ko ta ɓace.

Wannan sha'awa ita ce take fitar da ni daga ɗaki a ranakun hutu, ita ce kuma ta kai ni Wetzlar, wani ƙaramin gari a bakin kogin Lahn, tafiyar kamar awa guda a jirgin ƙasa daga Frankfurt. A can ne Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz mai ƙera madubin likita, ya haɗa wata 'yar kyamara wajen 1914. Mutum ne mai fama da ciwon asma, kyamarorin zamaninsa kuwa manya ne masu nauyi da sai an kafa musu ƙafafu, sai ya ɗauki fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi, ya ba kowane hoto fili milimita 24 da 36. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da aikin, sai a 1925 aka fito da ita kasuwa da sunan Leica, kuma wannan awo nasa shi ne a cikin kyamarar da na aiko. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya ɗauka da ita tun farko: dandalin Eisenmarkt na garin, da tsofaffin gidaje masu ginshiƙan katako da mutane suna wucewa kan harkokinsu, babu wanda ya tsaya domin a ɗauke shi. Gidajen suna nan har yau, kuma mutane sukan zo daga nesa su tsaya a daidai wurin da ya tsaya.

Yanzu ga abin da Auta zai kiyaye. Idan ya saka fim ya rufe murfin baya, ya lura da mariƙin da ke sama ta hagu: in yana juyawa duk lokacin da ya ja hannun fim, to fim ya kama, in kuwa bai motsa ba, iska yake ɗauka. Fina-finan da na haɗa masa masu lamba 200 ne, wato ma'aunin yadda fim ke jin haske, sai ya saita wannan lamba a kan kyamarar. A rana tsaka mai ƙarfi, ya sa zoben gilashi mai daidaita ƙofar haske a kan 16, saurin ɗauka a kan 250; a inuwa ya sauko da zoben zuwa 5.6 ko 4, yana leƙawa har allurar ta tsaya a tsakiya. Kada ya sauko da sauri ƙasa da 60 in ba ya jingina da bango ba, domin rawar hannu takan ɓata hoto. Ya riƙa mayar da murfin gilashi bayan ya gama, tunda allurar ba ta da makunni, muddin haske na shiga batir yana ci. Babban kashedi kuma, kada kowa ya buɗe bayan kyamarar sai an danna maɓallin da ke ƙasa an naɗe fim ya koma gidansa, domin haske yana taɓa shi aikin ya tashi a banza.

Akwai wani abu da ya shafi fatarmu wanda ya kamata ya sani. Allurar tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne, don haka idan mutum yana sanye da fararen kaya ko bayansa akwai farin bango, za ta ruɗe ta ce haske ya wadatar, sai kayan su fito tas fuska kuma ta dushe. Maganinsa shi ne ya matso kusa ya auna hasken a kan fuskar, ya ja da baya ba tare da ya sake taɓa saitin ba. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya sun fi kyau ga fuska, haka ma hasken da ke shigowa ta ƙofa ko taga. Ya kuma riƙa neman izini kafin ya ɗauki wanda ba ɗan gida ba. A nan doka ce tun 1907, ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, ban da wasu 'yan keɓantattun halaye, a wurinmu kuwa ladabi ma ya isa ya hana.

Zafi da danshi suna lalata fim, musamman mai launi, saboda haka a ajiye waɗanda ba a taɓa ba a cikin firji cikin robarsu, a fito da su sanyinsu ya fita kafin a saka. Waɗanda suka cika a tara mini su, a ba mai tahowa, amma a gaya masa kada ya sa su a akwatin da za a auna a shigar cikin jirgi, domin na'urar da ke leƙa waɗannan akwatuna tana da ƙarfin da ke barin tabo a fim. Ya riƙe su a jakar hannu cikin farar leda, ya roƙi jami'an filin jirgi su duba da hannu, musamman inda aka kafa sababbin na'urori masu ƙarfi. Idan sun iso zan kai a wanke, in riƙe nawa, in buga muku naku a takarda, a rubuta suna da shekara a bayan kowanne.

Fim na farko dai ina so ya ƙare a kan Baba da Inna, ba tare da an sa su sake kaya ba. Idan Baba ya ƙi, ka ce masa ni na roƙa. A gaishe da matarka da yara da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙaninka