Georges Sorel da haɗarin akidar da ba a tambayar inda ta dosa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani Bafaranshe da nakan tuna duk lokacin da na ji ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aikin gama-gari. Sunansa Georges Sorel, kuma a ganina ya cancanci masu karatu su san shi, saboda gaskiyar da ya hango da kuma ramin da ya faɗa, waɗanda duka suka fito daga tushe guda.

An haife shi a garin Cherbourg a shekarar 1847. Injiniyan gwamnati ne mai kula da hanyoyi da gadoji, ya yi aiki har a Aljeriya, sannan ya daɗe a Perpignan. A 1892, yana ɗan shekara 45, ya ajiye aikin ya koma kusa da Paris ya duƙufa ga karatu da rubutu. Bai taɓa aiki a masana'anta ba, bai kuma jagoranci yajin aiki ko sau ɗaya ba. Abin da ya kusantar da shi ga talakawa, kamar yadda shi kansa ya nuna, shi ne abokiyar zamansa Marie David, 'yar gidan marasa hali, wadda ta rasu a 1897.

Da farko ya rungumi ra'ayin gurguzu na Karl Marx, ya kuma tsaya tare da masu kare Alfred Dreyfus, hafsan sojan nan Bayahude da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa a 1894. Amma yadda 'yan siyasa suka mayar da nasarar wannan gwagwarmaya tsanin hawa kujera ya sa ya yanke ƙauna daga majalisa da jam'iyyu baki ɗaya. Ban ga laifinsa a nan ba. A 1899 ɗan gurguzu Alexandre Millerand ya karɓi muƙamin minista a gwamnatin da ke ɗauke da Janar Galliffet, wanda ke cikin waɗanda suka murƙushe talakawan Paris a 1871. Shi kuwa Aristide Briand, wanda ya yi suna wajen wa'azin yajin aikin gama-gari tun yana matashi, da ya zama firaminista sai ya karya yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa a 1910 ta hanyar kiran su aikin soja dole, yadda duk wanda ya ƙi komawa bakin aiki zai fuskanci hukuncin soja. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ba sai an gaya masa cewa kujera tana sauya mutum ba.

Saboda haka Sorel ya ɗora fatansa a kan ƙungiyoyin ƙwadago su kaɗai. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta Faransa, CGT, wadda aka kafa a 1895, ta zartar a taronta na Amiens a 1906 cewa ba za ta zama jelar kowace jam'iyya ba. Ba Sorel ne ya ƙago wannan tafarki ba, mutane irin su Fernand Pelloutier ne suka gina shi da guminsu, shi dai ya zo ya yi masa bayani. A littafinsa na 1908, Réflexions sur la violence, wato nazari a kan tashin hankali, ya ce lissafin riba da asara ba ya tayar da jama'a su sadaukar da rai. Abin da ke tayar da su shi ne wani hoto da suka riƙe a zuci na babbar rana mai zuwa, kamar yadda Kiristocin farko suka jure azaba suna jiran dawowar Almasihu. Ga ma'aikata, in ji shi, wannan hoton shi ne ranar da kowa zai ajiye kayan aiki lokaci guda har mulkin 'yan jari-hujja ya durƙushe. Ya kira wannan hoto da kalmar da za mu iya fassarawa da almara, amma ba ƙarya yake nufi ba.

Haka kuma ya bambanta ƙarfin hukuma, wanda tsiraru ke amfani da shi domin danne jama'a, da tashin hankalin ma'aikata, wanda yake ganin yaƙi ne a fili ba tare da ƙiyayya ko ramuwar gayya ba. Adalci ne a faɗa cewa ya tsani yankan kawunan da aka yi a 1793 da sunan juyin juya halin Faransa, kuma a shekarar da littafin ya fito sojojin gwamnatin firaminista Clemenceau ne suka harbe masu yajin aiki a Villeneuve-Saint-Georges.

To, inda na rabu da shi shi ne cewar da ya yi ba a auna irin wannan almara da ma'aunin gaskiya ko yiwuwa, ana auna ta ne da yadda take zaburar da mutane yanzu. Wannan magana tana damuna ƙwarai. Idan zaburarwa kaɗai ce ma'auni, to da me za a fifita almarar ma'aikata a kan almarar ƙabila ko ta fifikon wata al'umma, alhali ita ma tana tafasa jini, wani lokaci ma fiye? Sorel bai bar wa kansa amsar wannan tambaya ba, kuma rayuwarsa ta nuna haka. Da ya ga CGT ta fara sanyi, sai ya karkata wajen 1910 ga mutanen Charles Maurras masu neman dawo da sarauta a Faransa, ya kuma rubuta maganganun ƙin Yahudawa waɗanda ba su dace da wanda ya taɓa kare Dreyfus ba. Almajirinsa Édouard Berth yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Cercle Proudhon a 1911, inda aka gwada haɗa 'yan ƙwadago da masu tsattsauran kishin ƙasa a inuwa ɗaya. Sorel ya ƙi goyon bayan Yaƙin Duniya na Farko, wannan kuwa abin yabo ne. Daga baya, a 1919, ya ƙara wa littafinsa wani babi na kare Lenin, jagoran juyin juya halin gurguzu na Rasha. Ya rasu a watan Agustan 1922, wata biyu kafin Mussolini, wanda ya riƙa alfahari da cewa ya ƙaru da shi, ya hau mulki a Italiya.

Masu kare shi sukan ce ba a kama malami da laifin almajiri, kuma Antonio Gramsci, ɗan gurguzun Italiya wanda Mussolini ya ɗaure, shi ma ya sha daga wannan rijiya. Na yarda da hakan. Sai dai mutumin da ya koya wa jama'a cewa zafin zuciya ya fi sanin alƙibla muhimmanci, yana da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Ma'aikacin da aka kira ya ajiye aiki, yana da iyali da kuɗin haya a wuyansa, yana da haƙƙin ya tambayi shugabanninsa abin da ake nema da kuma wanda zai riƙe ragama washegarin nasara, kuma Sorel ya ɗauki wannan tambayar a matsayin raunin zuciya.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon malamin tarihi, Zariya