Wasiƙa Zuwa Ingila Kan Barin Sitaci da Ciwon Tayirod

Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma hunturun can bai matsa muku ba. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi a tsanake. Na fahimci cewa Hajiya ta shiga tsarin cin abincin nan da ake kira keto, ta bar shinkafa da tuwo da burodi da doya baki ɗaya, ƙiba ta ragu har ƙawaye suna yi mata barka, amma yanzu ga kasala, ga jin sanyi ko da ɗaki ya ɗumama, ga gashi yana biyo mataji kullum safiya. Ka tambaye ni ko barin sitacin ne ya ƙara taɓa mata tayirod, tunda dama tana shan ƙwayar magani mai suna levothyroxine saboda ciwon tayirod da ake kira Hashimoto. Hukunci na likitanta ne, amma a matsayina na wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin gwajin jini zan iya warware maka yadda abin yake, domin ku san abin da za ku tambaya idan kun je asibiti.

Tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo, 'yar ƙaramar gaɓa ce a gindin maƙogwaro, nauyinta bai wuce kamar giram 20 ba, amma ita ce ke tsara saurin da jiki yake ƙona abinci da samar da ɗumi. Mafi yawan abin da take zubawa cikin jini shi ne sinadarin T4, wanda ba ya aiki sosai sai an mayar da shi T3, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na T3 ɗin da ke jikin mutum a wajen tayirod ake yin sa, musamman a hanta da ƙoda. Ka ɗauki T4 a matsayin hatsin da ke cikin rumbu, T3 kuma garin da aka niƙa don tuwon yau. Idan shekara ta yi ƙamfa, uwargida mai hankali takan rage awon da take kaiwa niƙa ko da rumbun bai taɓu ba, kuma haka jiki yake yi idan ya ga abinci ya ragu, musamman sitaci. Sai ya rage mayar da T4 zuwa T3 domin ya yi tattalin ƙarfinsa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1976 wasu likitoci a Amurka, Spaulding da abokan aikinsa, sun gwada masu ƙiba ta hanyoyi daban-daban. Waɗanda suka daina cin abinci gaba ɗaya, T3 ɗinsu ya faɗi da fiye da rabi. Waɗanda aka ba kalori 800 a rana ba tare da sitaci ko kaɗan ba, nasu ya faɗi da kusan rabi. Abin lura shi ne rukunin da aka ba kalori 800 ɗin nan dai, amma aka sa musu aƙalla giram 50 na sitaci a ciki, domin T3 ɗinsu bai yi wani motsi na a zo a gani ba. Giram 50 kuwa ba wani abu ba ne mai yawa, tunda kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kusan giram 45, malmalar tuwo ɗaya irin ta gidanku ta wuce haka. Tsarin keto kuma ƙasa da giram 50 ɗin yake tsayar da mutum, wasu ma giram 20 suke bi, wato Hajiya tana zaune daidai inda jiki yake fara wannan tattali.

A nan ne masu rubutu a intanet suke rabuwa biyu, kuma a ganina kowane ɓangare ya wuce gona da iri. Masu tsoratarwa suna cewa keto yana kashe tayirod, masu tallarsa kuma suna cewa babu wata matsala ko kaɗan. Ga mai lafiyayyar tayirod, abin da aka fi gani shi ne T3 ya sauka, T4 ya tsaya inda yake, TSH kuma bai tashi ba. TSH shi ne saƙon da wata ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take aika wa tayirod cewa ta ƙara himma, kuma tashinsa ne alamar gazawa ta gaskiya, shi ya sa shi muke fara dubawa, inda yawancin ɗakunan gwaji suke ɗaukar tsakanin 0.4 da 4 a matsayin daidai. Idan irin wannan mutum ya koma cin sitaci, T3 yakan dawo yadda yake. Saboda haka ba zan kira wannan cuta ba.

Sai dai Hajiya ba ta cikin wannan rukuni. A ciwon Hashimoto garkuwar jiki ce take cin tayirod sannu a hankali, kuma ƙwayar da take sha T4 ce zalla, wadda dole sai jikinta ya mayar da ita T3 kafin ta amfane ta. Wanda ya dogara kacokan da wannan juyi, rage shi zai fi taɓa shi fiye da mai lafiya. Akwai kuma abin da aka gani a wajen yara masu farfaɗiya, waɗanda dama dominsu aka ƙirƙiro keto a asibitin Mayo na Amurka a 1921, tun kafin wani likita mai suna Atkins ya yayata barin sitaci don rage ƙiba a 1972. A wani bincike da aka buga daga Turkiyya a 2017, cikin yara 120 da aka ɗora a kan tsarin, 20 sun kai ga buƙatar maganin tayirod, kuma waɗanda TSH ɗinsu ya ɗan hau tun farko su suka fi shiga wannan hali. Yaran suna shan magungunan farfaɗiya da su ma suke taɓa tayirod, don haka ba a ɗora wa abinci laifin duka, amma ya isa ya sa mai raunin tayirod ya yi hattara.

Ina roƙonka kada ku ƙara ko ku rage ƙwayar da kanku. Ana auna levothyroxine da nauyin jiki, kusan maikrogiram 1.6 ga kowane kilo ga wanda tayirod ɗinsa ta daina aiki, saboda haka wanda ya rame sosai, adadin da yake sha a da yana iya yi masa yawa, sai ka ji yana kukan bugun zuciya da rashin barci da rawar hannu. Ga yunwa tana jan sinadarin tayirod da ke jini ƙasa, ga raguwar nauyi tana jansa sama, ba kuma mai iya raba gardamar nan da ido sai gwajin jini. Zubewar gashi ma ba lallai daga tayirod take ba, domin duk wanda ya rame da sauri gashinsa yakan zuba bayan wata biyu zuwa uku, haka ma mai ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Ku nemi a duba TSH da T4 da ma'aunin ƙarfen jini da bitamin B12, ku kuma gaya wa likita ainihin abin da take ci. Idan tana shan bitamin ɗin nan biotin don gashin, ta dakatar da shi kwana biyu ko uku kafin gwaji, domin yana rikita sakamakon a wasu injuna.

Akwai wani abu da ya shafi zamanku a can wanda mutanenmu ba su cika lura da shi ba. A Najeriya tun 1993 doka ta wajabta sa aidin, sinadarin da tayirod take buƙata don yin T4 da T3, a gishirin ci, shi ya sa maƙoƙon da muka taso muna gani a wuyan tsofaffin mata ya yi sauƙi. A Ingila babu irin wannan doka, yawancin gishirin kanti ba shi da aidin, mutane daga madarar shanu da kifi da ƙwai suke samunsa. Masu keto kuwa sukan bar madarar shanu saboda sukarin da ke cikinta, su koma madarar almond da jan gishirin Himalaya, waɗanda ba su da aidin sai in an ƙara musu. Babba yana buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuma 250 bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan ya fi shafar ka da yara idan tukunya ɗaya kuke ci, tunda ita ƙwayarta ta ɗauke mata yawancin buƙatar. Kada kuma ta sayi ƙwayoyin ciyawar teku da ake tallatawa don aidin, domin yawansa yana tsananta Hashimoto.

Ka kuma lura da yadda take shan maganin da safe. Da ruwa zalla ake haɗiyarsa, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Kofi ɗin nan mai man shanu da masu keto suke buɗe baki da shi yana rage shigar maganin cikin jini, haka ma awara da madarar waken suya, ƙwayoyin ƙarin jini da na kalsiyam kuma sai an ba su tazarar awa 4.

Shawarata ita ce ta sassauta, ba sai ta koma gidan jiya ba. Lemon kwalba da sukarin shayi da farin burodi da cincin, barinsu alheri ne gare ta, kada ta waiwaye su. Amma ta dawo da wake da alale da dankalin Hausa da 'yar shinkafa ko acca da rana, ta kai kamar giram 100 zuwa 130 na sitaci a yini, wanda har yanzu ƙasa yake sosai da abin da Bahaushe ya saba ci, kuma ƙiba za ta ci gaba da raguwa ko da a hankali ne. Ta daina haɗa barin sitaci da tsallake abinci, domin haɗuwar biyun ce ta fi kayar da T3. A sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8, tunda kafin nan jini bai gama daidaita ba. Idan kuma Allah ya kawo rabo, a ajiye keto nan take a sanar da likita, saboda buƙatar maganin takan ƙaru tun makonnin farko na ciki.

Idan sakamakon ya fito, ka ɗauki hotonsa ka turo mini tare da adadin ƙwayar da take sha da nauyinta na da da na yanzu. Ka gaida Hajiya, Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ka shafa mini kan yara. Iyalina duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini