Mun Kiyaye Yanka, Amma Wa Ke Duba Lafiyar Abin Da Aka Yanka?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da malamanmu masu hawa mumbari, da mahauta, da 'yan kasuwar hatsi. Ni tsohon malamin dabbobi ne. Na fara aikin duba nama tun muna cikin jihar Bauchi, kafin a ba mu Gombe a 1996, kuma a kansa na yi ritaya.

Ba na jin akwai inda addini ya riƙe mu da ƙarfi kamar a kan abin da ke shiga bakinmu. Za ka ga mutum yana wasa da sallah, yana zuba rantsuwar ƙarya a ciniki, amma ajiye masa naman alade ka gani, ko yunwa za ta kashe shi ba zai kai hannu ba, alhali babu ɗan sanda a kansa. Direbobinmu da ke kai kaya kudu, in ba su sami rumfar Bahaushe ba, sun gwammace su kwana a kan burodi da ƙuli-ƙuli da su ci naman da ba su san wanda ya yanka ba. Maƙwabtanmu Kiristoci ma sun san da haka. Wani abokin aikina mutumin Kaltungo, duk Kirsimeti sai ya kira Musulmi ya yanka masa akuya, don kwanon da zai aika gidajenmu ya ciwu. Shi kuma ko ƙanshin burkutu ba ya so, saboda cocinsu ba ta yarda da giya ba. Wanda ya kai shekaruna bai manta cewa rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 daga gardama a kan nama ya taso ba, har wutar ta iso cikin garin Bauchi aka rasa rayuka. Allah kada ya maimaita mana.

To abin da ke damuna shi ne, duk wannan tsantseni namu ya tsaya ne a bakin wuƙa. Da zarar an ce an yi bismilla, jini ya zuba, shi ke nan, tambaya ta ƙare.

Wata asuba a wata mayanka da na yi aiki, aka turo saniya a kan amalanke, ba ta iya tsayuwa. Idanunta sun faɗa, ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Cikin gaggawa aka sa mata wuƙa kafin ta cika. Da aka buɗe ƙirjin, huhun ya manne da haƙarƙari, duk ya yi ƙulli-ƙulli, in ka tsaga ɗaya sai ka ji wuƙa na ƙaras-ƙaras, wani abu rawaya-rawaya ya fito. Tarin fuka ne, irin wanda ke kama mutum. Na ce wannan nama ba zai shiga kasuwa ba. Mahaucin ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, “Haba malam, ai da ranta aka yanka, kowa ya ga ta harba ƙafa. Ba mushe ba ce.” Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba mugun mutum ba ne, a sahu ɗaya muke sallah. Abin da aka koya masa ke nan: mushe haramun ne, abin da aka yanka halal ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa sayar wa mai jego naman da zai cutar da ita shi ma zunubi ne.

Akwai wanda ma ya fi wannan ɓoyuwa. Makiyayi ya ga dabbarsa ba lafiya, ya yi mata allurar nan mai ruwan ɗorawa, da ya ga ba ta tashi ba sai ya kaɗa ta kasuwa washegari. A jikin kwalbar an rubuta a jira makonni uku zuwa huɗu kafin a yanka. In ka tsaga cinyar za ka ga tabon maganin, har warinsa za ka ji. Wannan naman shi ne ke komawa tsire da balangu, yaji ya rufe komai.

Addinin kuwa bai yi shiru a kan lafiyar dabba ba. Duk shekara kafin babbar sallah malamai na karanta mana hadisin Bara'u ɗan Azib, cewa dabbobi huɗu ba sa isar wa layya: mai ido ɗaya, da marar lafiyar da cutarta ta bayyana, da gurguwa, da ramammiyar da ba ta da ɓargo. Shi ya sa za ka ga alhaji a Tike yana buɗe bakin rago, yana shafa bayansa, yana sa a zagaya da shi ya ga tafiyarsa. Na sani hukuncin layya daban ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Amma ina wannan idon yake tafiya a sauran watanni goma sha ɗaya?

Mu koma wajen hatsi. Gombe garin wake ne, duk wanda ya ga manyan motoci na lodi a Tudun Hatsi ya sani. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda yawan maganin ƙwari da ta samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin Sniper. Su sun ƙi, mu kuwa muka ci gaba da yin ƙosai da alala da shi, har da buɗa-baki a watan azumi. Mai ajiyar da ya yayyafa wa buhunsa wannan guba don ya jira farashi ya hau, ba zai taɓa yarda a ce ya sha giya ba. Haka mai nunar da ayaba da mangwaro da kabaid ɗin masu walda, haka mai gidan burodin da ke zuba sinadarin kumburi da NAFDAC ta haramta tuntuni. Alhali hanyar halal tana nan: akwai buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, in an ɗaure shi da kyau ƙwarin kan mutu don rashin iska, ba sai an sa komai ba. Ni dai a gidana na gaya wa uwargida, in ta ga wake da ɗan huji nan da can ta saya, ya fi wanda ya shekara sumul ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba.

A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Danshin ruwan sama ke nan fa. Ina ga guba? Muna jin wa'azi a kan tsawon wando da saɓani a kan ganin wata, ba laifi, amma huɗubar Juma'a guda a kan wannan za ta yi aikin da takardar gwamnati ba ta yi ba, domin ɗan kasuwarmu ya fi jin tsoron a ce masa haramun da a ce masa tara.

Sai dai a yi wa mahauta adalci. Wanda ya zuba duk jarinsa a saniya ɗaya, aka ce a binne ta, to gidansa ne aka binne wa tukunya, shi ya sa wasu ke gudun mayanka su yanka a bayan gida da dare. Ina roƙon Sarkin Pawa da ƙungiyar mahauta da ma'aikatar da ke kula da dabbobi su zauna su kafa asusu, a riƙa cire ɗan wani abu a kan kowace dabba da aka yanka, wanda aka hana wa nama a mayar masa da ko rabin kuɗinsa. Masu fitar da zakka su ma su tambayi malamai ko irin wannan mahauci da bashi ya hau kansa yana cikin waɗanda za a ba.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani tsohon malamin dabbobi, unguwar Bolari, Gombe.